Nemo Kusurwa da Kalkuleta: Bayani ga Jama'ar Yalwa da Sauran Garuruwan Rano da Kibiya

Gabatarwa

Wannan shafi bayani ne a kan yadda ake nemo girman kusurwa da na'urar lissafi ta hannu, watau kalkuleta irin ta kimiyya wadda ke ɗauke da maɓallan sin da cos da tan. Mun shirya shi ne domin amfanin malaman makarantu da ɗalibansu, da kwamitocin gina masallatai, da magina da kafintoci, da dagatai da masu unguwanni, da kuma ma'aikatan sashen ƙasa da na ayyuka a sakatariyoyin ƙananan hukumomi. Mun ɗauki Yalwa, ɗaya daga cikin mazaɓun ƙaramar hukumar Rano, a matsayin wurin misali, kuma alƙaluman da muka yi aiki da su sun dace da garuruwa da ƙauyukan Rano da Kibiya baki ɗaya, tun daga Rurum har zuwa Tarai.

Jama'a da dama sun ɗauka cewa wannan fanni, wanda a makarantun sakandare ake kira tirigonometiri, darasi ne na jarrabawar WAEC da NECO kaɗai, da an fito daga ɗakin jarrabawa shi ke nan an rabu da shi. Alhali kuwa da shi ake awon gona idan za a raba gado ko a biya diyya, da shi ake sanin karkatar rufin kwano, da shi kuma ake fitar da alƙibla. Abin da muke so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, kalkuleta ba ta ɓata lissafi, amma idan aka tambaye ta kusurwa, amsa ɗaya tak take fitarwa, ga shi kuwa mafi yawan irin waɗannan tambayoyi amsa biyu gare su. Ba ta kuma yin gargaɗi cewa akwai ta biyun. Tantance wadda ta dace aiki ne na mutumin da ya taka filin da ƙafarsa.

Mene ne sin da cos da tan?

A ɗauki alwatika wadda ɗaya daga cikin kusurwoyinta uku ta kai digiri 90, watau irin kusurwar da magini ke fitarwa da sikwaya. Tsani da aka jingina da bango misali ne nata: bango gefe ɗaya ne, ƙasa gefe na biyu, tsanin kuma shi ne gefe mafi tsawo. Idan muka dubi kusurwar da ke gindin tsanin, to sin ɗinta shi ne tsayin da tsanin ya kai a bango, a raba da tsawon tsanin. Cos ɗinta shi ne tazarar gindin tsani daga bango, a raba da tsawon tsanin. Tan kuwa shi ne tsayin bango a raba da tazarar ƙasa. Kowace kusurwa tana da waɗannan lambobi uku nata, ko tsanin dogo ne ko gajere.

Idan an san kusurwa ana neman lambarta, aikin ba shi da wuya, danna maɓalli ne kawai. Inda hankali ke aiki shi ne komawa baya, watau a ce an san lambar, ana neman kusurwar. A nan ake danna SHIFT, ko 2ndF a wasu na'urori, sa'an nan a danna sin ko cos ko tan, sai alamar sin⁻¹ ko cos⁻¹ ko tan⁻¹ ta bayyana. Ma'anar wannan alama ita ce "wace kusurwa ce ke da wannan lamba", ba wai a raba ɗaya da sin ba, kamar yadda wasu ɗalibai ke zato.

Misali, kafinta zai yi wa aji mai faɗin mita 8 rufi, tsakiyar rufin kuma za ta ɗaga mita 1.5 daga saman bango. Rabin faɗin mita 4 ke nan. Sai mu ce tan x = 1.5 ÷ 4 = 0.375. An danna SHIFT, tan, 0.375, sai na'ura ta ba da 20.6. Karkatar rufin digiri 20.6 ce. A nan babu ruɗani, domin kowa ya san rufi ba ya wuce digiri 90.

Kafin a fara aiki

Na'urar tana da ma'auni uku na kusurwa. Akwai digiri, wanda zagaye guda ke da 360, ana nuna shi da D ko DEG a saman gilashin. Akwai radiyan, R ko RAD, wanda ake amfani da shi a lissafin gaba da sakandare. Akwai kuma G ko GRAD, mai raba zagaye kashi 400. Duk ayyukan da ke wannan shafi da digiri ake yin su. Gwajin da muke ba kowa shawara ya yi kullum kafin ya fara shi ne ya nemi sin 30. Idan amsa ta fito 0.5, na'ura tana kan digiri. Idan ta fito −0.988, tana kan radiyan, idan kuma 0.454 ce, tana kan GRAD. A na'urorin Casio da suka fi yawa a hannun ɗalibanmu, irin su fx-82 da fx-991, ana gyara wannan ta maɓallin MODE ko SETUP. Kalkuletar wayar salula ma tana da wurin sauyawa tsakanin DEG da RAD, kuma yatsa kan taɓa shi ba da niyya ba. Ma'aikatan ofis da ke aiki da Excel a kwamfuta su lura cewa shi da radiyan yake lissafi, sai an juya masa digirin tukuna.

Abu na biyu shi ne baka. Na'urorin zamani kan buɗe baka da kansu da zarar an danna sin. Wanda ke son ya ninka sin 35 da 120, idan bai rufe bakar ba bayan 35, to na'ura za ta ninka 35 da 120 ne, ta ba shi sin na 4,200. Tsofaffin na'urori kuma sai an fara rubuta lambar kafin a danna sin.

Abu na uku ya fi shafar masu ɗauko alƙaluma daga taswira ko daga na'urar GPS. Digiri ɗaya yana da minti 60 ne, ba 100 ba. Saboda haka digiri 11 da minti 33 daidai yake da 11.55, ba 11.33 ba. Bambancin a ido ƙarami ne, amma a doron ƙasa digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 111 ne, watau wannan ɗan kuskure ya matsar da wuri fiye da kilomita 24. Maɓallin da ke da alamar ° ′ ″ shi ke yin wannan juyi.

Dalilin da ya sa amsa ke zama biyu

A kwantar da gora mai tsawon mita ɗaya a ƙasa, kanta na kallon gabas, a danne gindinta, a fara ɗaga kan. Idan ta ɗaga digiri 30, kanta ya yi nisan rabin mita daga ƙasa. A ci gaba da ɗagawa har ta miƙe tsaye a digiri 90, a ci gaba da tura ta har ta rinjaya yamma. Lokacin da ta kai digiri 150, kanta zai sake dawowa rabin mita daga ƙasa. Wannan tsayi shi ne sin. Don haka wanda aka ce masa kan gora yana rabin mita daga ƙasa, ba a gaya masa ko gabas ta karkata ko yamma ba. Tambayar sin x = 0.5 tana da amsa 30, tana kuma da amsa 150, duka biyu daidai.

Tun da na'ura lamba ɗaya za ta iya nunawa, sai aka tsara ta a kan ƙa'ida. Ga sin⁻¹ da tan⁻¹, tana zaɓo amsar da ke tsakanin −90 da 90. Ga cos⁻¹, tana zaɓo wadda ke tsakanin 0 da 180. Mutum ne zai fitar da ta biyun da kansa, kamar haka: idan sin ne, a cire amsar daga 180, idan cos ne, a cire ta daga 360, idan tan ne, a ƙara mata 180. Duk amsar da ta fito da alamar ragi, ana iya ƙara mata 360 domin ta shigo tsakanin 0 da 360.

Ga ɗalibi mai shirin jarrabawa, a nan maki ke zubewa. Idan an ce a warware 5 cos x + 2 = 0 tsakanin 0 da 360, sai a fara ware cos x shi kaɗai, a sami cos x = −0.4. Na'ura za ta ba da 113.6. A cire daga 360, a sami 246.4. Wanda ya rubuta ta farko kaɗai rabin aikin ya yi. Idan kuma kusurwar ninki ce, kamar sin 2x = 0.6, to amsoshin huɗu ne, domin 2x yana zagayawa har zuwa 720. Na'ura ta ba da 36.9, sai a fitar da 143.1, a ƙara wa kowace 360 a sami 396.9 da 503.1, sa'an nan a raba duka huɗun biyu. Kada a raba tun farko, domin wanda ya yi gaggawar rabawa zai rasa uku daga cikin huɗun.

Awon gona

Wannan shi ne sashen da muke roƙon dagatai da masu unguwanni da ma'aikatan ƙasa su karanta a tsanake, domin a nan ne amsa ta biyu ke iya zama sanadin rigima tsakanin 'yan uwa. Gonakinmu ba kasafai suke da gefe huɗu madaidaita ba, shi ya sa mai awo kan yanka gona zuwa alwatika-alwatika, ya lissafa kowace, ya haɗa jimla.

Bari mu ƙaddara wata gona mai gefe uku. Kusurwarta ta farko, A, tana gindin kuka. Ta biyu, B, tana bakin rijiya, mita 120 daga kukar. Gefe ɗaya ya bi burtali daga kukar har zuwa turken iyaka, C. A takardar da aka ajiye an rubuta abu uku kawai: daga kuka zuwa rijiya mita 120, daga rijiya zuwa turke mita 80, kusurwar da ke gindin kuka tsakanin burtali da layin rijiya kuma digiri 35. Bayan shekaru turken ya ɓace, magada suna son sanin girman gonar.

Ƙa'idar sin ta ce a kowace alwatika, sin na kusurwa idan aka raba shi da gefen da ke fuskantarta, amsa iri ɗaya ce ga kusurwoyin uku. Daga nan muka sami sin C = 120 × sin 35 ÷ 80 = 0.8604. Na'ura ta ce C digiri 59.4 ne. Idan aka karɓi wannan, kusurwar bakin rijiya ta zama 85.6, tun da jimlar ukun 180 ce, girman gonar kuma, watau rabin 120 × 80 × sin 85.6, ya kama kimanin murabba'in mita 4,786. Ya haura eka ɗaya, wadda ke da murabba'in mita 4,047.

Sai dai 180 a cire 59.4 ya ba da 120.6, kuma ita ma wannan tana yiwuwa. Idan ita ce, kusurwar bakin rijiya 24.4 ce kawai, gonar kuma murabba'in mita 1,980, bai cika rabin eka ba. Takarda ɗaya, alƙaluma ɗaya, gona biyu mabambanta, tsakaninsu akwai fiye da rubu'in hekta. Wanda ya je wurin zai ga dalili da idonsa: idan aka ɗaure igiya mai mita 80 a bakin rijiya aka ja ta zuwa burtali, wuri biyu take taɓa shi, ɗaya a mita 57.5 daga kukar, ɗaya a mita 139.1. Kowane ɓangare na magada na iya kawo kalkuletarsa ya nuna cewa lissafinsa daidai ne, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Maganin wannan a ranar awo yake, ba a ranar shari'a ba. A auna gefen uku duka, a rubuta, shaidu su sa hannu. Gefe uku ba sa haifar da alwatika biyu. Idan ana da su, sai a yi aiki da ƙa'idar cos, wadda ba ta da wannan ruɗani a cikin alwatika, saboda cos⁻¹ yana rufe daga 0 har 180. A misalinmu, da an rubuta cewa gefen burtali mita 57.5 ne, da mun sami cos C = (80² + 57.5² − 120²) ÷ (2 × 80 × 57.5) = −0.510. Alamar ragin nan ita kanta shaida ce cewa kusurwar ta wuce 90, na'ura kuma za ta ba da kusan digiri 121 kai tsaye. A ganinmu, ƙarin minti goma na jan tef a gefe na uku ya fi duk wata ƙwarewa a danna maɓalli amfani.

Wani lokaci na'ura kan rubuta Math ERROR. Ba lalacewa ta yi ba. Sin da cos ba sa wuce 1, saboda haka idan lissafi ya ba da abin da ya haura haka, to awon ne ke da matsala. Da a takardar an rubuta mita 60 maimakon 80, da sin C ya fito 1.147, ma'ana igiyar ba za ta kai burtalin ba sam.

Muna tunatar da jama'a cewa wannan lissafi na fahimta ne da binciken abin da aka rubuta, ba ya zama madadin aikin safiyo. A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙaramar hukuma ce ke ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, gwamna kuma ke ba da takardar mallaka ta doka. Taswirar fili da hukuma za ta karɓa sai wadda ma'aikacin safiyo mai rajista ya sa wa hannu, kuma hukumar SURCON, wadda aka kafa a 1989, ita ke yi musu rajista a Nijeriya.

Ranaku biyu da inuwa ke ɓacewa

Ba kullum ake jefar da amsa ɗaya ba. Akwai inda duka biyun ke faruwa. Garin Rano yana kan digiri 11.56 arewa da layin da ya raba duniya biyu. Rana kuwa tana kaiwa da komowa tsakanin digiri 23.44 arewa da 23.44 kudu a cikin shekara, kuma ana iya kimanta matsayinta da 23.44 × sin x, inda x ke farawa daga sifiri wajen 21 ga Maris, yana ƙaruwa da kimanin digiri 0.986 kowace rana. To yaushe rana ke tsayawa daidai bisa kanmu? Sai mu ce sin x = 11.56 ÷ 23.44 = 0.4932. Na'ura ta ba da 29.55, watau kwana 30 bayan 21 ga Maris, wajen 20 ga Afrilu ke nan, a tsakiyar zafin bazara. Amsa ta biyu 150.45 ce, kimanin kwana 153, wadda ta kai mu wajen 21 zuwa 23 ga Agusta, lokacin da damina ta kankama. A waɗannan ranaku, dab da ƙarfe 12:30 na rana, sandar da aka kafa tsaye ba ta da inuwa.

Tsakanin waɗannan ranaku biyu rana tana bi ta arewa da mu, inuwar tsakar rana tana faɗawa kudu. A sauran watannin shekara kuwa arewa take faɗawa. Wannan ne ya sa masu kafa faifan sola na rijiyoyin burtsatse ke fuskantar da shi kudu da 'yar karkata kaɗan, kusan daidai da digirin wurin. Kuma wanda ya dogara da inuwar tsakar rana domin sanin arewa, idan bai kula da wata ba, zai iya juya arewa ta koma kudu. Wannan batu zai yi mana amfani a sashe na gaba.

Fitar da alƙibla

A harshenmu mun saba cewa mutum ya fuskanci gabas idan zai yi salla, har kalmar gabas ta zama kamar wani suna na alƙibla. Amma Makka ba gabas sak take da mu ba, tana arewa maso gabas ne. Neman sanin iyakar wannan karkata yana daga cikin abubuwan da suka sa malaman Musulunci suka zurfafa a wannan fanni tun da daɗewa. Al-Biruni ya kammala wani littafi a shekarar 1025 wanda a ciki ya lissafa alƙiblar birnin Gazna da ke Afganistan ta yau. A ƙarni na 14 kuma Shamsuddin al-Khalili, mai kula da lokutan salla a Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, ya tsara jadawalin alƙibla na wurare masu ɗimbin yawa, duk da hannu. Iyayenmu da yayyenmu da suka yi sakandare sun yi fama da littafin jadawalin lambobi da ake kira fo-figa. Kalkuletar kimiyya ta aljihu ta farko, HP-35, sai a 1972 ta fito. Aikin da ya ci wa magabata watanni, yau ɗalibin aji biyar na sakandare zai yi shi kafin shayi ya huce.

Ana buƙatar lambobi huɗu. Ka'aba tana kan digiri 21.42 arewa da 39.83 gabas. Garin Rano yana kan 11.56 arewa da 8.58 gabas. Tazarar gabas tsakaninsu ita ce 39.83 − 8.58 = 31.25. Idan muka kira kusurwar alƙibla q, ana ƙirga ta daga arewa ana juyawa ta hannun dama, to ƙa'idar ita ce:

tan q = sin 31.25 ÷ (cos 11.56 × tan 21.42 − sin 11.56 × cos 31.25)

Lambar sama 0.5188 ce. A ƙasa, kashi na farko 0.9797 × 0.3923 = 0.3843, na biyu kuma 0.2004 × 0.8549 = 0.1713, idan aka cire ya rage 0.2130. An raba, an sami tan q = 2.435. SHIFT, tan, sai amsa ta fito 67.7.

Alƙiblar Rano ke nan digiri 67.7 daga arewa, watau wanda ya fuskanci gabas sak zai karkata hagu da digiri 22.3. A Yalwa da Kibiya da duk ƙauyukan ƙananan hukumomin biyu, bambanci da wannan lamba bai kai digiri ɗaya ba. A birnin Kano ta ɗan haura 68. Domin a gane girman wannan karkata, tsakaninmu da Makka kimanin kilomita 3,500 ne, kuma layin da ya tashi daga Rano ya miƙe gabas sak, ƙasar Habasha zai faɗa, ya bar Makka a hagunsa da fiye da kilomita 1,200. Kowane digiri ɗaya na kuskure a nan yana zama kusan kilomita 58 a can.

Amsa ta biyu fa? Tun da tan ne, a ƙara 180, a sami 247.7, wadda ita ce ba wa Ka'aba baya daidai. Mu a nan mun yi dace, domin amsar da na'ura ke bayarwa ita ce tamu. Ba haka abin yake ko'ina ba. Ɗalibinmu da ke karatu a Alƙahira idan ya sa lambobin birnin, 30.04 arewa da 31.24 gabas, lambar ƙasa za ta fito da ragi, na'ura kuma ta ba shi −43.9, wadda ke kallon arewa maso yamma. Sai ya ƙara 180 kafin ya sami alƙiblar Alƙahira ta gaskiya, kimanin digiri 136, kudu maso gabas.

Hukuncin salla ba na wannan shafi ba ne, na malamai ne. Abin da malaman mazhabar Malikiyya ke karantarwa shi ne, wanda ke nesa da Makka jihar Ka'aba aka ɗora masa ya fuskanta gwargwadon ƙoƙarinsa. Saboda haka ba muna kira ba ne a tayar da husuma a kan masallatan da iyaye da kakanni suka gina. Inda aka ga karkata mai yawa, a kai maganar ga liman da malaman gari. Muna magana ne da kwamitin da zai haƙa sabon tushe, domin gyara kafin a zuba kankare ba ya cin ko sisi.

Ga yadda ake sauke lambar a ƙasa ba tare da wata na'ura mai tsada ba. A share wuri ya daidaita, a kafa sanda miƙaƙƙiya a tsaye, a tabbatar da miƙewarta da igiya mai nauyi a baki irin ta magina. A zana da'ira kewaye da ita. Da hantsi, lokacin da bakin inuwa ya taɓa da'irar yana shigowa, a kafa turke. Bayan azahar, lokacin da ya sake taɓa ta yana fita, a kafa wani. Layin da ya haɗa turakun biyu shi ne yamma da gabas, turken safe a yamma. Wannan hanya tana aiki a kowane wata, ko rana na arewa da mu ko tana kudu, shi ya sa muka fifita ta a kan inuwar tsakar rana. Daga nan a ja wannan layi, a auna mita 10 zuwa gabas daga wurin da aka zaɓa. A ƙarshensa a fitar da sikwaya zuwa arewa, da awon uku, huɗu, biyar da magina suka sani, a auna mita 4.1, domin 10 × tan 22.3 = 4.1. Igiyar da aka ja daga mafari zuwa wannan wuri ita ce alƙibla, kuma idan an yi daidai tsawonta zai kama mita 10.8. Bangon gaba da sahu suna gitta wannan igiya ne a kan sikwaya.

Kamfas na hannu da na wayar salula suna taimakawa, amma ƙarfe na ruɗa su. Tulin rodi ko kwanon rufi ko babur da ke kusa ya isa ya kautar da allurar da digiri masu yawa, wurin gini kuwa ba ya rabuwa da waɗannan.

Akwai kuma hanyar tabbatarwa da ba ta buƙatar lissafi ko kaɗan. Makka ma tana da nata ranaku biyu da rana ke tsayawa bisa kai, kamar yadda muka gani game da Rano. Su ne 27 ko 28 ga Mayu, da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da kuma 15 ko 16 ga Yuli, da ƙarfe 10:27 na safe. A wannan minti, duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci Ka'aba, inuwar sandar da ke tsaye kuma tana kwance a kan layin alƙibla daidai. Kwamiti na iya kafa sanda a mafarin igiyarsa ya duba ko inuwar ta hau layin. Da yake ranakun biyu suna faɗowa ne a lokacin hadari, idan gajimare ya rufe rana ana iya gwadawa kwana ɗaya ko biyu kafin ranar ko bayanta a daidai wannan lokaci, bambancin ba ya kai abin da ido zai gani a igiyar mita goma.